Jan Bajimin da Muntaka Ya Sayo wa Kamfani

Duk wanda ya ci abinci a kamfanin auduga na bakin kogi a Garuwa, a shekarun da ake ta raɗe-raɗin za a datse ruwa a Lagdo, ya san Muntaka. Wanda bai gan shi ba ma ya ji shi, don muryarsa kan riga shi shiga ofis. Ni Idrisa, direban kamyo, wato babbar motar kayan kamfanin, na sha shi fiye da kowa, saboda Allah ya haɗa mu unguwa ɗaya a Hausare, kullum da safe sai ya maƙale mini a gaban mota.

Dogo ne siriri, da ɗan gashin baki kamar an ja shi da tozali. Ya taɓa zuwa Yawunde, babban birnin ƙasa, ya yi ɗan zama yana tsaron shagon yadin kawunsa, to tun da ya dawo ba mu sake shan ruwa da daɗi ba. In ka ba shi shayi, sai ya ce a Yawunde ba haka ake dafa shi ba. In hadari ya haɗo, na Yawunde ya fi baƙi. Ranar da aka ɗauke shi aikin malamin awo, ya shaida wa mutanen unguwa cewa Darakta da kansa ya aiko a roƙe shi. Alhali kawun nan nasa ne ya yi ta safa da marwa har takalminsa ya cinye.

Su uku aka ɗauka a shekarar. Akwai shi, akwai Honorine mai buga takardu, 'yar kudu ce, Hausarta ta kasuwa amma tana yanka, sai Nicolas makanike, wanda in ka ji maganarsa to ƙarfe ne ya faɗo masa a ƙafa. Dukkansu suna cikin wata uku na gwaji, ba a tabbatar da kowa ba tukuna.

To kamfanin yana da al'ada. In an gama gurzar audugar shekara, sai a yi bikin ma'aikata, abin da muke cewa fet, kuma sababbin ma'aikata ke ɗaukar wahalarsa. Aikin ba wuya, tun zamanin Turawa aka shimfiɗa shi. A aika wa Sarkin Fawa goro, shi zai nemo sa, mahautansa su yanka da sassafe a bayan katanga, su kasa naman kashi-kashi, matar kowane ma'aikaci ta zo da kwanonta ta ɗauki rabon gidansu. Abin da ya saura a soya a ci da shinkafa a rumfa. Lebura da yawa, in ka cire babbar salla, wannan ce ranar da nama ke cika musu tukunya, don haka ba wanda yake ɗaukar ta da wasa.

Daraktanmu, Alhaji Hamadu, Bafulatani ne mai tsadar magana. Ya kira su ukun ofishinsa ya ce, "Fet yana hannunku. Bana Ferefe, babban jami'in gwamnati na yankin nan, zai zo da kansa. In an watse zan faɗi wanda ya zauna da wanda zai koma gida."

Suna fitowa Muntaka ya gyara wuyan rigarsa ya ce, "Kun lura? Duk maganar nan ni yake kallo."

Honorine ta ce, "Kai yake kallo mana, tunda ka tare masa fanka."

A gindin darbejiyar da nake ajiye mota suka yi taro, shi ya sa komai a kunnena aka yi. Kafin kowa ya zauna Muntaka ya naɗa kansa Sakatare-janar na komite, wato kwamitin fet. Ya ba Honorine muƙamin mataimakiya. Nicolas ya tambaya shi kuma mene ne, aka ce masa shi ne jama'a.

"Ku saurara," in ji Muntaka. "A Yawunde ba a kasa nama a ƙasa kamar na watanda. Sa ake kawowa da ransa, a yi masa ado, ya zo ya gai da manya. Sannan a yanka shi, a tsire shi sukutum a ƙarfe, a gasa shi ɗungurungum. Shi ake kira mishwi."

"Mishwi da rago ake yi," in ji Honorine.

"Na talakawa ke nan."

"Ka taɓa ci?"

"A gidan wani minista, har aka ce in ƙara."

"Ta wace ƙofa ka shiga gidan?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya umarci Nicolas ya ciro ƙarfen ƙafar wata matacciyar mota ya feƙe bakinsa, da shi za a tsire san. Nicolas ya ce ko taba ba a kunnawa a cikin katangar kamfanin auduga, balle wutar gasa sa. Muntaka ya ce a haƙa ramin a waje, ai shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan.

Honorine ta ce, "Matan lebura da kwanoninsu fa?"

"Irin wannan ci bayan na zo kawarwa."

Da Sarkin Fawa Mahamman ya ji shiru goron kamfani bai iso ba, sai ya tako da kansa. Tsoho ne kakkaura, yatsunsa duk tabon wuƙa, ba mahaucin da ke ɗaga hannu a Garuwa sai da yardarsa. Ya tarar da Muntaka a bakin ma'auni ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Yaron nan ko tashi bai yi ba, ni da nake gefe sai da kunya ta kama ni.

"Ɗana, na ji shiru ne," in ji tsohon. "Ga kasuwar shanu ta Pitowa ta matso."

"Baba Sarki, bana an sake tsari. Ba ma bukatar 'yan tsakiya. Da ku da dillalai, ku kuke sa nama tsada."

"To madalla. Wa zai kama, wa zai kayar, wa zai yanka?"

"Kama sa wani aiki ne? Ai jinin fawa a jikina yake. Kakana a Kano hawan ƙaho yake yi. In kalangu ya tashi, ko bajimin ya kai giwa, sai ya faɗa tsakanin ƙahoninsa ya rungume, har sai ya durƙusar da shi."

Sarkin Fawa ya ƙare masa kallo tun daga hula har takalmi. "Kai ba jikan Malam Bawa mai turare ba ne? Na san shi sarai. Ko kaza ce, aiko mana yake yi."

"Wancan na wajen uba ne. Na wajen uwa nake faɗa."

"Allah ya ji ƙan na wajen uwa." Tsohon ya tattara rigarsa. "Wanda ya sayi sa, shi ya san inda wuyansa yake. Mu dai za mu zo kallo."

Ranar kasuwar Pitowa na ɗauke shi a kamyo. Muna shiga kara dillalai suka yi masa caa, ya kore su da bayan hannu kamar ƙudaje. Ya yi ta ratsa shanu yana latsa musu tozo, wai yana auna kitse, har muka fita can gefen kasuwa. A nan muka ga wani Bororo tsaye da sanda a kafaɗa, kusa da shi ga wani jan bajimi, ƙahoninsa sun buɗe kamar mai ɗaga hannu yana addu'a. Kewayensa fili ne fetal, ba mahauci ko ɗaya da ya matsa.

Na ce, "Muntaka, ka lura ba wanda ya taya wannan?"

"Ba su da ido ne."

Bororon nan kuwa bai ɓoye komai ba, hakkinsa ne in faɗa. Ya ce, "Wannan bai taɓa sanin igiya ba. A daji aka haife shi, muryata kaɗai yake ji. Ba ya son ganga, ba ya son taro. In kana so ya tsaya, sai in tsaya kusa da shi har a sa masa wuƙa."

"Ferefe yana zaune, kai kana tsaye da sanda a kafaɗa?" in ji Muntaka. "Sa dai sa ne. Ka kai mini shi, sauran aikina ne."

Bororo ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wooɗi," wato to shi ke nan.

Muka jingina katako a bayan mota don ya hau. Bajimi ya dubi katako, ya dube mu, bai motsa ba. Muntaka ya ce a ba shi wuri, a Kano wutsiya ake murɗawa. Ya zagaya baya, ya miƙa hannu. Ban ga abin da ya faru ba, na dai ji iska ta wuce, da na ɗaga kai sai ga Muntaka a kan rufin mota, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Daga nan na fi ganin tsarin," ya ce.

Ƙarshenta Bororo ne ya shiga gaba a ƙasa, bajimi na bin sa kamar ɗan akuya, mu kuma muna rarrafe a bayansu da mota ba kaya, Muntaka a sama yana ɗaga wa mutane hannu. Haka muka taho har Garuwa cikin rana. A hanya wani mai keke ya tsaya ya tambaye ni ko san ne ya sayo mu.

Bororo ya shigar da shi farfajiyar kamfani, ya shafa wuyansa, ya yi masa wata magana a kunne. Ya ce mana rugarsa na ƙetaren gada in an neme shi, ya fita. Bajimin ya bi shi da ido har aka rufe ƙofa, sannan ya yi wani kuka da ya sa tantabarun rufin sito suka tashi gaba ɗaya.

Daga ranar kamfani ya yi sabon darakta. Bajimin ya zaɓi wurin zamansa daidai tsakanin ma'auni da bayan gida, don haka duk mai lalura sai ya haura katanga ya nufi bakin kogi. Mai gadi ya mai da tabarmarsa kan rufin ɗakin gadi. Tulin angurya da ake tarawa don masu sayen abincin dabbobi kullum raguwa yake yi. Da lebura suka gaji, suka mirgino dilolin auduga suka yi masa shinge daga nesa. Muntaka kuwa kullum sai ya hau kan dila ya jefa masa gishiri, ya karanta masa jawabin da ya shirya da Faransanci, wai don ya saba da muryarsa. Bajimin yakan saurara, ya tona ƙasa da kofato.

Sai kuma neman mai yanka. Na zaga da shi mahauta, na zaga da shi kasuwa. Duk wanda ya tunkara sai ya ce, "Sai Sarki ya ce." Har mai tsiren ƙofar silima ya je wa, shi kuma ya ce, "Ni naman da ya riga ya mutu na sani." Ya dawo wajen limamin masallacin kamfani, liman ya ce, "Bismilla da wuƙa nawa ne, kayarwa taku ce. Ku kwantar da shi ku kira ni."

Honorine ta same shi a gindin darbejiya ya yi tagumi. Da ya gan ta ya saki fuska ya hau fito.

Ta ce, "Ka sayi goro ka je ka durƙusa wa tsohon nan. Aikinmu mu uku ne ka ɗora a kan ƙahon sa."

"Sakatare-janar ba ya durƙusa."

"To zai kwanta."

Ta juya ta shiga ofishin Darakta, ta ɗan jima ta fito. Da yamma na hange ta a kasuwa da ƙunshin goro a ganye, ban tambaye ta na mene ne ba.

Ranar fet gari ya waye da zafin nan na gab da damina, wanda ko ƙadangare neman inuwa yake yi. An kafa rumfuna, an rataya hoton shugaban ƙasa, an jera kujeru. A waje ga ramin wuta, ga tulin itace, ga ƙarfen Nicolas an feƙe shi yana ƙyalli, ba abin da ya rage sai naman da za a tsire. Matan ma'aikata sun jeru a jikin katanga da kwanoninsu kamar kowace shekara, don ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya musu an sake tsari. A gabansu ga Dela, matar Sulaimanu lebura, da wani faffaɗan daro a ka.

Can sai ga mahauta sun shigo cikin manyan riguna, Sarkin Fawa a gaba, makaɗan kalangu a baya. Suka nemi wuri mai kyau suka zauna, suka harɗe hannuwa.

Muntaka ya iso cikin kwat ɗin haya wanda kafaɗunsa suka fi nasa faɗi, da igiyar wuya ja. Ya sa an yi wa bajimi sarƙar auduga ta ratayawa, ya kuma sa an jiƙa ƙaro cike da bokiti, wai da shi za a manna sunan kamfani da farar auduga a haƙarƙarin san. Duk suna ajiye a gindin shinge, don ba a sami mai mannawa ba. Ya ja ni gefe ya ce, "In na gama jawabi, kai da lebura ku jefa masa igiya."

Na ce, "Ni sitiyari aka ɗauke ni riƙewa."

Ferefe ya iso, aka bar babbar ƙofa a buɗe saboda motarsa. Aka zauna. Muntaka ya hau jawabi. Ya ambaci ci gaba, ya ambaci haɗin kan ƙasa, ya ambaci Yawunde har Ferefe, wanda daga can aka turo shi, ya fara duba agogo. Mata suna ta sauya wa kwanoni hannu. Da ya kai inda zai ce yanzu za a gabatar da bajimi, sai muryarsa ta yi ƙasa, ya koma farkon shafi.

Nan Sarkin Fawa ya ɗaga wa makaɗa gira. Kalangu ya tashi da taken hawan ƙaho, maroƙi ya zabura tsakiyar fili.

"Ina jikan na Kano? Ga sa ga fili! Jinin fawa ba ya gudu, sai dai ya ja da baya ya gyara kwat!"

Ferefe ya karkata wajen Darakta ya tambayi ma'anar kiɗan. Darakta ya yi masa bayani a natse, cewa wasan mahauta ne, namiji kan faɗa tsakanin ƙahonin sa ya rungume, kuma ma'aikacinmu ɗin nan gadonsa ne ta wajen uwa. Fuskar Ferefe ta washe. Ya ce tun da ya zo arewa yake jin labarin wannan al'ada, bai taɓa gani ba.

Darakta ya dubi Muntaka. "Malam Sakatare, Ferefe yana jira."

"Ranka ya daɗe, ba ya cikin tsarin yau."

"Ka sa shi."

"Kwat ɗin nan na Yawunde ne, ba ya son ƙura."

"Ga warkina, ɗana," in ji Sarkin Fawa daga inda yake zaune.

"Baba Sarki, layata na bari a gida. Ba a hawa ba laya."

Tsohon ya zaro wata laya daga damtsensa ya miƙa. "Ga wannan. Ta kakana ce na wajen uwa."

Mahauta suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Dela ta sauke daronta ta ce, "Kai yaro, ko ka hau ko ka sauka, mu dai nama muke jira. Na bar ruwa a wuta."

Muntaka ya dubi ƙofa, ya dubi Darakta, ya tuna wata ukunsa. Sai dabara ta zo masa, irin dabarar da kan zo wa ɓera in ya ga tarko. Ya ce a Kano ado ake fara yi wa sa kafin a hau. Nufinsa ya hau kan dila ya jefa sarƙar audugar daga nesa, a tafa masa, ya ce san ya sallama. Ya rataya sarƙa a kafaɗa, ya ɗauki bokitin ƙaro don a ga da gaske yake, ya dafe dila ya miƙe a kai.

Bajimin kuwa tun da kalangu ya fara idonsa ya kaɗa ya yi ja. Mai shi ya faɗa, ba ya son ganga, ba ya son taro, yau ga su an haɗa masa duka, ga kuma mai Faransancin nan da ya dame shi kwana da kwanaki. Ya ja da baya, ya sunkuyar da kai, ya zo ya daki dilar.

Muntaka ya yi sama. Bokiti ya fi shi yin sama. Ƙaro ya sauko masa tun daga ka har ƙafa, shi kuma bai sauka a ƙasa ba, ya faɗa daidai wuyan bajimin, ƙaho ɗaya ya shige ta hammatar kwat ya fita ta ƙeya. Bajimi ya ratsa shingen ya fito fili da shi.

Mahauta suka miƙe tsaye. Wani a cikinsu ya ce, "Wallahi ya hau." Makaɗa suka ƙara wuta. Bajimin ya zaga farfajiya da gudu, Muntaka na reto a kansa, ƙafafunsa na harbin iska. Faransancin nan duk ya zube a hanya, Hausar Hausare tsantsa ta fito, yana kiran Innarsa, yana kiran Bororo, har Sarkin Fawa ya kira da "Baba, don Annabi." Ferefe kuwa tafi yake yi, yana cewa lallai yaron gwani ne.

A bakin rumbun da ake tara gurzajjiyar auduga bajimin ya taka birki, ya girgiza kai. Kwat ya yage, Muntaka ya tafi kamar an harba shi da gwafa, ya nutse cikin audugar ko ƙafarsa ba a gani. Sannan san ya juyo kan rumfa. Tafin Ferefe ya tsaya. Ban san manya suna da sauri haka ba sai ranar, kafin in buɗe ƙofar kamyona na tarar da Ferefe da Darakta a ciki. Bajimi ya watsa kujeru, ya kifar da tukunyar shinkafa, ya hangi babbar ƙofa a buɗe, ya fice da rabin kwat a ƙaho. Masu wanki a bakin kogi sun ce sun gan shi ya hau gada, hannun kwat ɗin yana kaɗawa kamar yana yi wa Garuwa sai wata rana. Kafin la'asar yana cikin garkensu. Bororon ya aiko daga baya cewa a zo a ɗauki abin da aka saya, har na bar kamfanin ban ji wanda ya je ba.

Da ƙura ta lafa, audugar rumbu ta motsa. Wani farin abu ya rarrafo ya miƙe tsaye, fari fat tun daga ka har ƙafa, ba abin da ake gani sai idanu biyu da jar igiyar wuya. Ya tofar da audugar bakinsa, ya ɗingiso gaban rumfa, ya ce, "Haka ake yi a Kano. Wannan zagaye na farko ke nan."

Honorine ta ce, "Sa ya tafi da na biyun."

Aka kwashe da dariya har wasu na riƙe ciki. Amma matan jikin katanga ba su yi dariya ba. Dela ta tako a hankali, ta ajiye daronta wayam a gaban ƙafafunsa.

"Sakatare, zuba mana mishwin. Yara na gida tun safe na hana su koko, na ce su bar wa nama wuri."

A nan tawa dariyar ta tsaya. Na san gidan Dela, na san yadda yaran nan suke lissafa wannan rana tun ana ɗibar auduga. Na ji haushin Muntaka ya kama ni har wuya, da ba don ƙaron jikinsa ba da na shaƙe shi. 

Sai Sarkin Fawa ya tafa hannu. Ƙaramar ƙofar baya ta buɗe, samarin mahauta suka shigo a jere da faranti a ka, nama kashi-kashi an rufe da ganye.

"Wannan 'yar ta kawo mini goro," in ji tsohon, yana nuna Honorine. "Ta cire takalmi, ta durƙusa kamar 'yar gida, ta ce Darakta ya san da zuwanta. Mun yanka da sassafe kamar kowace shekara. Da ma mun san da jikan mai turare za a yi." Ya juya wajen mata. "Ku matso da kwanoninku, Dela ce farko."

Darakta ya sauko daga motata, ya karkaɗe rigarsa, ya jira har kwano na ƙarshe ya cika. Sannan ya ce, "Bana kamfani ya sayi sa biyu, ya ci ɗaya. Honorine da Nicolas, kun zauna." Ya dubi farin abin da ke tsaye yana ɗiga. "Kai kuma audugar da ke jikinka ta kamfani ce. Ka bar ta a ƙofa kafin ka tafi."

Mai gadi ne ya fige shi a bakin ƙofa, yana yi yana huce haushin kwanan rufi. Da ya gama ya ba shi buhu ya rufa, aka rako shi da kalangu har Hausare.

Kawun nasa ya sake sayen takalmi ya shiga zagayen ofisoshi, amma duk inda ya ambaci sunan sai a tambaye shi, "Mai ƙahon?" Ƙarshe dai goron da Muntaka ya ƙi kaiwa, kawun ne ya kai, ya durƙusa, ya ce a rufa asiri tunda yaro ya ce jinin fawa ne. Sarkin Fawa ya ce ba ya mai da jini baya.

Bayan an sha ruwan farko na gangara bakin kogi wanke mota, sai na hango shi a ƙasan mahauta, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙudaje sun yi masa rumfa, yana dirzar tumbin sa a kan dutse. Na yi masa sannu da aiki.

Ya ce, "Roƙona suka yi in zo in gyara musu tsari. Sarki ya ce in wata uku na gwaji suka cika, zai faɗi ko na zauna."

Daga sama wani mahauci ya leƙo ya ce, "Sakatare-janar, Sarki ya ce tumbin jiya bai fita ba, a sake."

Muntaka ya amsa da "To," har da ɗan rusunawa. Ya jira mutumin ya ɓace, sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Ka gan su nan, Idrisa. A Yawunde ba haka ake wanke tumbi ba."